Yadda Na Baro Umara a Bakin Teku

A iyakar Seme, tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin, muka fara sanin cewa lallai mun bar gida.

Mu biyu ne, ni da Umara. Sunana Nafi'u, haifaffen Nguru, mahaifina yana sayar da bandar kifi a babbar kasuwa, sana'ar da ya gada wurin kakanmu da ya zo daga Haɗeja. Umara kuwa ɗan Bade ne, daga wani ƙauyen masunta a bayan Gashuwa. Ajinmu ɗaya a jami'a, sashen nazarin kifi da ruwa, muna shekarar ƙarshe. Tun muna aji uku muka haɗa kai a kan aiki guda: ciyawar kacala da ta toshe mashigan ruwa a fadamunmu, tun bayan da madatsun ruwa na can sama suka sauya yadda kogi ke cika yana janyewa, har kifi ya rasa hanyar da zai bi ya je ya saka ƙwai. Ni ina bin dillalai a kasuwa ina jin abin da ya ragu da abin da ya ɓace, shi kuma yana cikin ruwa. Damina biyu ya yi yana auna zurfin mashigin ƙauyensu, yana duba abin da komar kowane masunci ta kamo, yana zubawa a wata tsohuwar kwamfuta da yayansa ya bar masa.

Ni na ga sanarwar. Wata ƙungiya ce ke neman ɗaliban da ba su gama digirin farko ba, su je gaɓar tekun Ghana su yi zango ɗaya suna koyon yadda ake farfaɗo da wuraren da kifi ya ƙaurace musu. Masauki da abinci nasu ne, kai kuma ka kai kanka. Da farko Umara ƙi ya yi. Ya ce, "Mutumina, me ya haɗa ruwan gishiri da kacala?" Na yi ta yi masa naci har ya nema. Aka ɗauke mu duka biyu.

A Legas muka shiga motar da direbanta ya rantse har Aflawo zai kai mu, bakin iyakar Ghana, ba canjin mota. Da muka iso Seme da hantsi sai ya faka a gefe, ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa a buga masa fasfo, mota za ta zagaya ta jira mu a wancan ɓangaren. Sauran fasinjojin kowa ya rungumi kayansa ya yi gaba. Sai daga baya na tuna da haka. Muna kici-kicin fito da namu daga but ɗin motar, sai ga wani dogon mutum da farin kaftani da carbi a hannu, ya yi mana sallama da Hausa tsantsa.

Ya ce, "Samari, daga ina?"

Muka ce daga Yobe.

"Allah sarki, ashe 'yan gida ne. Me ke cikin jakar nan?"

Umara ya ce, "Kwamfuta ce da tufafi."

"Kul, kada ka soma wucewa da ita ta gabansu. Za su ce sai takardar saye, su riƙe ta, ka wuni kana roƙo. Bar ta a but. Direban nan na san shi, mutumin kirki ne."

Wanda bai taɓa tsayawa a tsakiyar taron da ba ya jin kalma ko ɗaya ba, ba zai gane abin da Hausar mutumin nan ta yi mana ba. Jikinmu ya saki. Har godiya muka yi masa, ya sa mana albarka. Na saɓa 'yar jakata ta baya mai fasfo da waya, muka bar sauran.

Aka buga mana fasfo ba wata wahala. Muka tsaya inda aka ce, kusa da 'yan canji, muna leƙa kowace mota mai kama da tamu. Rana ta take tsaka. Aka kira azahar a wani masallaci can nesa. Wata mai sayar da burodi da ta daɗe tana kallonmu ta girgiza kai, ta ce mana da guntun Turancinta motar ba za ta zo ba, ba mu ne na farko ba. Ɗan sandan da muka kai wa ƙara ya tambaye mu lambar motar. Babu wanda ya riƙe a cikinmu. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da danna wayarsa.

Umara ya zauna a bakin kwalbati ya ɗora hannu biyu a ka. Na ce, "Ba ka tura aikin ko'ina ba? Ko wurin Dakta?" Ina nufin malaminmu mai duba aikin.

Ya ce, "Ina ta cewa sai na gyara shi tukuna."

Tufafinmu sun tafi, bandar da Baba ya ɗaure mini ta tafi, yajin da Innata ta daka ya tafi. Duk wannan ba komai ba ne. Damina biyu ta Umara ce ta tafi a but ɗin mota.

Daga nan muka bi 'yan acaɓa masu rawayar riga zuwa tashar Kwatano, muka sami motar Lome. Na saya wa Umara ruwa ya riƙe bai sha ba. Muna cikin tafiya, bayan mun wuce wasu gonakin kwakwa, sai bishiyoyi suka yanke a hagunmu, ga teku. Ni na taɓa ganin tafkin Nguru ya cika ya tumbatsa har ba ka hangen bishiyoyin tsallake sosai, na ɗauka na san ruwa. Wannan daban ne. Yana tasowa fari fat yana dukan ƙasa yana komawa, ba gajiya. Umara ya manna fuska a gilashi. Can sai na ji ya ce a hankali, "Nafi'u, ina ɗaya gaɓar?"

A zangon Aflawo, unguwar Hausawa, muka kwana, a barandar masallaci. Da safe muka bi ƙamshin ƙosai har wurin wata dattijuwa mai koko, Hajiya Memuna. Ta dubi ƙurar jikinmu da idanunmu da suka faɗa, ta ce, "Yarana, kun fito ina?" Hausarta irin ta can ce, ba ta raba mace da namiji, ko 'yarta da ke tuya "shi" take ce mata. Na ba ta labari. Ta ajiye ludayi ta tafa hannu.

"Allah ya isa! Wannan ba ɗan'uwanku ba ne, ɓarawo ne ya koyi baki."

Ta zuba mana koko mai yajin citta da kanumfari, ta tula ƙosai. Sannan ta shiga gida ta fito da riguna da wanduna na 'ya'yanta da ke aiki a Akara, babban birnin Ghana. Wandon da Umara ya samu bai kai idon sawunsa ba. 'Yarta ta ɓoye fuska tana dariya, shi ma ya yi murmushi, karo na farko tun da aka yi mana sata. Da na sa hannu a aljihu, Hajiya ta ɗaure fuska. Ta ce, "Kakana da jaki ya zo ƙasar nan neman goro. Wani ne ya ba shi ruwa. Ku tafi, Allah ya tsare."

Sansanin aikin yana kusa da Keta, a kan wani siririn tudun rairayi, teku a gaba, babban tafki mai ɗan gishiri a baya. Shugabarmu wata malama ce, Madam Sena, gajeruwa mai saurin magana, kullum cikin takalmin roba har gwiwa. Akwai ɗalibai 'yan Ghana, da na Kwaddibuwa, da Turawa biyu. Kowa ya zo da kwamfuta da na'urori, mu kuma muka iso da wandon aro. Da ta ji abin da ya faru ba ta yi dogon jaje ba. Ta ba mu takalman roba, ta ce gobe da sassafe akwai shiga laka.

Aikin kala-kala ne. Muna dasa wani itace da suke ce wa mangurob, mai tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje tsaye kamar ƙafafu, a ƙarƙashinsu 'ya'yan kifi ke ɓuya har su yi ƙwari. Mutane sun sare shi sun yi bandar kifi da shi har ya kusa ƙarewa. Muna auna gishirin ruwa. Muna tarar kwale-kwale idan sun dawo, mu auna tsawon abin da suka kamo. Ranar Asabar kuma mu bi mutanen ƙauye da adda da shebur mu buɗe mashigan da laka da ciyawa suka toshe, don ruwan teku ya riƙa shiga yana fita. A ranar farko da muka je wannan aikin, wani tsoho ya yi bayani aka fassara mana: tun da aka datse babban kogi can sama, ambaliyar da ke wanke mashigai ta daina zuwa. Umara ya juyo ya dube ni, laka har cinya.

Ya ce, "Ka ji? Labarin garinmu yake bayarwa."

Daga ranar ya farfaɗo. Shi da bai so zuwa ba ya zama ɗan gaban goshin Madam Sena. Ya tsaya gaban allo ya zana mashigin ƙauyensu da ka, kwana-kwana, inda kacala ta fi kauri, inda ruwa ke karkata ya shiga gonaki. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "An sace maka alƙaluma, ba a sace kogin ba. In ka koma sai ka sake."

Ni ne ƙasar ta ƙi karɓa. Iskar wurin jiƙaƙƙiya ce, ka wanke riga ta ƙi bushewa. Tuwonsu na masarar da aka tsima ne, mai tsami, a naɗe cikin ɓawo, da ɗanyen barkono a gefe, miya kuma ka sa hannu ka ci karo da ƙafar ƙaguwa. Babu kiran salla a ƙauyen, sai mu duba waya mu shimfiɗa kwali a kan rairayi. Na yi kewar miyar kuka har ina mafarkinta. Na yi kewar ƙarar buhunan banda ana jibgewa a mota, da gardamar dillalai, da mai shayin bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ya san ba na son madara da yawa. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Tsohuwar da muke haya a gidanta, wadda ba ta jin Turanci balle Hausa, ta dafa ganyen darbejiya ta lulluɓe ni da zane na yi sirace. Ta ɗora tafinta a goshina ta yi doguwar addu'a irin ta cocinsu. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ta gama na ce amin.

Bayan na warke aka raba mu a jiragen masunta mu ga yadda ake su a teku. Tun kafin mu tsallake igiyar ruwan farko na fara amai, haka na wuni a kwance a cikin jirgi kan jiƙaƙƙen taru. Umara kuwa a tsaye yake, yana jan igiya tare da su, yana amsa waƙarsu ba tare da ya san ma'anarta ba. Da aka jawo tarun, ledoji sun fi kifi yawa. Mai jirgin ya tofar da yawu, ya nuna mana wasu manyan jiragen ƙarfe can ƙarshen gani. Ya ce su ne ke share ƙasan teku, manya da ƙanana, ba sa barin komai. Da muka sauka Umara ya yi ta faɗa. Ya ce, "Waɗannan ai sun fi na Seme sata."

Ana cikin haka mahaifinsa ya kira. Ina kusa, amma da Badanci suka yi magana, sai fuskarsa kawai nake karantawa. Da ya ajiye wayar ya ce ruwa ya zo bana da ƙarfi, ya tarar da mashigi a toshe gaba ɗaya, ya karkata ya kwanta a kan gonakin gero. Ba kifi, ba hatsi. Ƙaninsa ya shiga motar Legas bai yi sallama da kowa ba. Babansu, wanda a da shi ke raba wa masunta wuri a ruwa, yanzu itace yake faskarawa masu banda.

Washegari a aji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Madam, wannan aikin da muke yi, yaushe kifi zai dawo?"

Ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce, "Shekaru masu yawa. Wani wurin a ga alama da wuri, wani wurin wataƙila 'ya'yanku ne za su ci amfaninsa. Kuma sai an yi ta komawa ana sharewa, ba aikin rana ɗaya ba ne."

Ya gyaɗa kai ya zauna.

Akwai wani mutum mai zuwa bakin ruwa da ƙaramar mota mai sheƙi, ana ce masa Kyaftin. Ban san ƙasarsa ba, kowane yare yana ɗan taɓawa. Samari yake nema wa aiki a manyan jiragen nan da ke tashi daga tashar kusa da Akara. Na fara ganin Umara yana tsayawa da shi, na ɗauka tambayoyin bincike yake yi masa. Sai wata rana bayan la'asar, muna zaune a inuwar wani jirgi da aka kife, ya ce, "Nafi'u, ba zan bi ka gida ba."

Na yi dariya. Na ga bai yi ba.

"Shekara ɗaya ce kawai. Da dala suke biya."

Na ce, "Jiragen da ke kwashe abincin mutanen nan? Kai da bakinka ka ce ɓarayi ne."

"Ɓarayi ne. Amma su ne ke biya."

"'Yan watanni suka rage mu gama digiri, Umara."

"In gama da me? Aikina yana Kwatano, wataƙila wani yana kallon fim a kansa. In sake damina biyu, wa zai ciyar da su Iya kafin nan? Yayana ya gama digirin, ka san abin da yake yi. Cajin waya a bakin tasha." Ya ɗebi rairayi ya watsar. "Ka ji abin da Madam ta ce. Gaskiya ta faɗa. Ni ba ni da shekaru masu yawa. In na dawo zan sayi injin yanka, in ɗauki leburori, mu buɗe mashigin nan a rani ɗaya. Kai ka riƙe ilimin, ni in kawo ƙarfin."

Na yi masa magana da hankali, na yi da faɗa, na haɗa shi da Allah. Da na ga ba ya ji sai na je na gaya wa Madam Sena. Ta kira shi ta zaunar. Ta gaya masa ta san samarin da suka bi irin wannan hanya, ana karɓe fasfo, a yi watanni ba a taka ƙasa ba, wasu su dawo hannu wofi, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu. Ta ce za ta nema masa hanyar ci gaba da karatu, amma ba za ta iya yi masa alkawarin lokaci ba. Ya saurara cikin ladabi, ya yi godiya. Da muka fito ya ce mini, "Ashe har ƙarata za ka kai." Ya daina yi mini magana. Ɗaki ɗaya, tabarma kusa da tabarma, sai dai sallama.

Ranar da zai tafi shi ya tashe ni sallar asuba, ya ce in ja mu. Bayan mun idar ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa. Na raka shi bakin titi. Kafin ya shiga mota ya ce, "Ka ce wa Iya karatu aka ƙara mini."

Na ce, "Ba zan iya yi mata ƙarya ba."

"To ka faɗa mata yadda za ta iya ɗauka."

Ni kaɗai na biyo hanyar nan na dawo, jakata a kan cinya tun daga Aflawo har Nguru. Kwana ɗaya na yi a gida na wuce Gashuwa, na hau acaɓa har inda hanya ta ƙare, wani ya tsallakar da ni a kwale-kwale ta wata 'yar siririyar kafa tsakanin kacala da ta fi tsawon mutum. Na tarar da Baban Umara a ƙofar gida da gatari. Ya leƙa bayana kafin ya amsa sallamata.

Na faɗa musu komai, ban rage ba. Baba ya ajiye gatarin ya ce, "Aikin ruwa ne dai?"

"Na ruwa ne, Baba."

"To. Ya iya ruwa."

Iya, mahaifiyar Umara, ta shiga ɗaki ta jima, ta fito da kunu a kwano ta ajiye a gabana, ta ce in sha, na sha hanya.

Na kare aikin digirina ni kaɗai, da ɓangaren kasuwa da abin da na koyo a Ghana. Da rani na koma ƙauyen, ni da Dakta muka zauna da dattawa, aka yi gayya irin wadda na gani a can. Muka shiga da lauje da adda, kacala tana yanka mana hannu, tsutsar ruwa tana manne mana a ƙafa, muka buɗe wani sashe na mashigin. Da damina ruwa ya bi ta nan. Baban Umara ya kira ni yana dariya, ya ce karfasa ta shigo, har da 'yan tarwaɗa. Na tura wa Umara hoto. A watannin farko yakan aiko saƙo idan jirginsu ya matso kusa da ƙasa, amma wannan hoton bai nuna ya buɗe shi ba. Shekara ta zagayo, aka nemi a sake gayya, sai aka ga masu ƙarfin duk sun tafi birni, tsofaffi ne suka rage. Kacala ta koma inda take kamar ba a taɓa ta ba.

Shekarar da ya ce ta cika, ta biyu ta shiga. Lambarsa a kashe. Na nemi Madam Sena, ta bincika, aka ce Kyaftin ya daina zuwa bakin ruwan. Na yi bautar ƙasa na dawo, ban sami aiki ba, na zauna a rumfar Babana ina ƙulla kwalayen banda. Wani lokaci ina tsaka da ciniki sai in tuna ranar da na kai masa sanarwar nan ina zumuɗi, in rasa alheri na yi masa ko akasinsa. Da bai bi ni ba, da yanzu wataƙila yana nan cikin talaucinsa, amma ana ganinsa.

Wata ranar kasuwa da azahar wayata ta yi ƙara, lambar waje. Na ɗauka. Iska ce kawai ke bugawa, sannan murya ta ce, "Mutumina."

Na bar mai saye a tsaye na zagaya bayan rumfa. Ya ce yana wani gari a gaɓar Muritaniya. Jirgin ya sauke shi a can ya tafi da fasfonsa. Yanzu a wata masana'anta yake, inda ake niƙa ƙananan kifi a mayar gari a fitar waje a ba dabbobi. Hausarsa ta yi nauyi, yana tsayawa yana laluben kalma. Ya ce igiyar jirgi ta ci masa yatsu biyu, amma ya warke, kada in faɗa wa kowa. Wayar ta wani ce ya ara.

Na ce, "Ka dawo, Umara. Ko ba ka da komai ka dawo. Za mu san yadda za a yi da takardu."

"In sha Allahu. Sai na ɗan haɗa wani abu."

"Ga lambar Baba, ka kira su."

Ya ce, "Ba zan iya jin muryar Iya ba tukuna. Kai ka je. Ka ce ina lafiya."

Ban jira gari ya waye ba, na shiga motar Gashuwa a ranar, na isa ƙauyen rana tana shirin faɗuwa. Baba ba ya nan. Na tarar da Iya a tsakar gida tana surfe. Da ta gan ni ta tsayar da taɓarya, ba ta ajiye ta ba.

Na ce, "Iya, Umara ya kira. Yana raye. Ya ce a gaya miki yana lafiya."

Ta lumshe ido, leɓɓanta suna motsi. Da ta buɗe ta ce, "Da kunnenka ka ji shi?"

"Da kunnena, Iya."

"Ya ce yaushe?"

"Ya ce in sha Allahu."

Ta gyaɗa kai. Ta matso kusa da ni, ta rage murya kamar kada katanga ta ji. "Ɗana, kai ka san muryarsa. Ta mai ƙoshi ce, ko ta mai yunwa?"

Na kawar da ido. Ta dubi fuskata na ɗan lokaci.

Ta ce, "Bar shi. Na ji."

Ta koma gaban turmi ta ɗaga taɓarya.